Yadda Za Ka Ƙara Kayan Kiɗa Na Biyu Ba Tare Da Aljihu Ya Koka Ba

Mai kiɗan sha'awa, wanda ba da kiɗa yake ci ba, da zarar hannunsa ya zauna a kan abu ɗaya sai ransa ya fara biya masa wani. Mai fiyano ya ga jita, mai jita ya ji kalangu. Abin da ke tsayar da yawancin mutane kuɗi ne, abin da kuma ke sa waɗanda suka saya su jingine kayan a bayan ƙofa shi ne sun sayi abin da ke faɗa da hannunsu. Kayan kiɗa mai araha ba laifi ba ne muddin ya cika sharuɗɗa biyu: yana riƙe saiti, kuma yatsa na iya danna shi ba wahala. Fenti, suna da ƙyalli duk suna bayan waɗannan.

Fara da abin da hannunka ya riga ya sani

Kafin ka je kasuwa, duba abin da za ka ɗauko daga kayanka na farko ka kai wa na biyu. Mai jita da ya ɗauki jitar bes bai bar gida ba, domin tsirkiyoyinta huɗu, E, A, D, G, su ne tsirkiyoyi huɗu masu kauri na jitarsa, sai dai muryarsu ta fi zurfi. Haka ma ukulele, 'yar ƙaramar jita mai tsirkiya huɗu: G, C, E, A da ake ɗaure ta a kai daidai suke da siraran tsirkiyoyi huɗu na jita idan an danne su a firet na 5, wato ƙarfe na biyar cikin waɗanda ke gicciye a wuyan jita, don haka siffar yatsun da ka sani tana aiki nan take. Mai fiyano yana da abin da ya fi wannan, ya san yadda ake haɗa kod, wato muryoyin da ake kaɗawa tare lokaci guda, kunnensa kuma ya san inda waƙa za ta juya. Abin da ya rage masa a jita shi ne kantar yatsa. Mai ganga yana da lokaci a jikinsa, bes ko gurmi za su karɓe shi da wuri.

Goge, kukuma da algaita ba na gaggawa ba ne. Goge ba shi da alamar inda za ka sa yatsa, izgar kuma tana son ƙaro da hannun da ya saba; algaita tana buƙatar numfashin da ba ya yankewa. Waɗannan a gaban malami ake koyonsu. Kuma abu ɗaya za ka ƙara, ba biyu ba, taura biyu ba ta taunuwa.

Kuɗin da ka tanada, kada ka zuba shi duka a kan kayan. Ka raba shi uku: kashi biyu na saye, kashi ɗaya na gyara da ƙananan abubuwa, wato sababbin tsirkiyoyi, jaka, adafta, ladan mai gyara. Tun kafin ka cire ko sisi, ka ari irin kayan na mako biyu daga aboki, ko ƙungiyar mawaƙan coci, ko situdiyon unguwa. Idan a mako biyun nan ka ɗauke shi sau uku kacal, kuɗinka ya tsira.

Duba jita ta hannu kafin ka biya

A nan aka fi yin asara, don haka za mu daɗe a nan. Ko a shagunan Sabon Gari ta Kano ka gan ta, ko a shafin saye da sayarwa na Jiji, ko a Facebook, kada ka tura kuɗi a kan hoto. Zuwa da kai ya fi aike. Ka tafi da waya mai manhajar saita tsirkiya, da katin ATM guda biyar, naka da na abokai, da fallen takarda.

Da farko ka tantance wace iri ce. Akwai mai tsirkiyar ƙarfe, irin Yamaha F310, akwai mai tsirkiyar nailan mai faɗin wuya, irin Yamaha C40. Ta nailan ta fi sauƙi a yatsa, ta ƙarfe ta fi amo. Idan ka tarar an ɗaura tsirkiyar ƙarfe a kan jitar nailan, ka ajiye ta. Tsirkiyoyin ƙarfe shida suna jan jita da nauyin da ya kai kilo 70, na nailan kuwa wajen kilo 40 ne, kuma jitar nailan ba a gina ta don ɗaukar wancan ba. Wuya zai lanƙwashe, fuskar ta kumbura.

Ka saita ta kafin komai, daga mai kauri zuwa siririya: E, A, D, G, B, E. Mai sayarwa da ya bar tsirkiyoyi sako-sako yana iya ɓoye lanƙwasar wuya, domin sai an ɗaure sosai take bayyana.

Sai awon tazara. Firet su ne siraran ƙarafan da ke gicciye a wuyan jita. Ƙirga zuwa na 12, ka zura katunan ATM tsakanin saman ƙarfen da tsirkiya mai kauri. Kaurin kati ɗaya milimita 0.76 ne. A jitar ƙarfe, kati uku su shige da ɗan matsi, wato kusan milimita 2.3, huɗu ma ana iya zama da shi. Idan biyar suka shige suna lilo, yatsunka za su sha wuya kuma sauti zai riƙa haurawa sama duk lokacin da ka danna. A jitar nailan kati biyar daidai ne, domin nailan na buƙatar fili.

Idan tazarar ta yi yawa, dubi jaki, wato katakon da aka manne a fuskar jita, da farin ƙashi ko roba da tsirkiyoyi ke hawa a kansa. In farin ya fito da tsawo, milimita 3 ko 4 sama da katakon, akwai abin ragewa, gyara ne na yamma ɗaya. In kuwa an riga an goge shi har ya kusa shafewa amma tazarar tana nan, wuyan ne ya kwanta gaba, gyaransa kuma ya fi kuɗin jitar. Wannan ko kyauta aka ba ka, aiki aka ba ka.

Ɗauki takardar ka gwada cusa ta ƙarƙashin gefen jakin na baya. Idan ta shige, jakin ya fara ɗagowa. Ana gyara shi da gam ɗin katako da matsewa na kwana guda, amma sai an cire tsohon gam, kuma dole a rage maka farashi. Ɗora idonka a kan jitar daga wajen kai ka hango wuyan kamar mai duba miƙewar sanda: ɗan lanƙwasa kaɗan zuwa gaba ba komai, murɗewa gefe guda kuwa ba ta da magani. Dubi inda wuya ya haɗu da jiki da bayan kai, ko akwai tsaga ko alamar an taɓa liƙewa. Ƙwanƙwasa fuskar da gaɓar yatsa wuri-wuri. Amo mai tsabta ake so, idan ka ji kakar-kakar to wani katakon ciki ya saki.

Yanzu ka danna kowane firet a kowace tsirkiya, ɗaya bayan ɗaya. Minti biyar zai ci, mai shago zai gaji, kai dai ka ci gaba. Kana neman inda tsirkiya ke zuza ko sauti ke mutuwa. Daga nan ka kaɗa tsirkiya a sake, ka sake kaɗa ta a danne a firet na 12: manhajar ta nuna harafi ɗaya, allurar kuma kada ta kauce da nisa. A ƙarshe murɗa kunnuwan nan shida na kan jitar, waɗanda ake ɗaure tsirkiya da su. Kunnen da ke juyawa fanko kafin ya kama ya ci, amma wannan ba abin fasa ciniki ba ne, ana sayar da su, sukurori ne kawai ke riƙe da su.

Tsatsar tsirkiya, ƙarzunan jiki da dusashewar fenti duk hujjar neman ragi ne, ba sa hana kiɗa.

Gyaran da za ka yi da kanka

Ka sa sababbin tsirkiyoyi ranar da ka kawo ta gida. A jitar ƙarfe nemi masu laushi, waɗanda siririyar cikinsu ke da lamba 10 ko 11. Lamba 12 da 13 sun fi amo amma suna korar sabon shiga. Ka bar rarar da za ta naɗe kunne sau biyu zuwa uku, naɗin yana gangarowa ƙasa ba tare da ya hau kansa ba. Bayan ka saita, ja kowace tsirkiya sama kaɗan da yatsa, ka sake saitawa, har sau uku. Ƙarfe yana zama cikin kwana ɗaya ko biyu, nailan yakan yi mako yana saki, wannan ba lalacewa ba ce.

Yawancin jitocin ƙarfe suna da sandar ƙarfe a cikin wuya, wadda ake murɗawa da alanki, wato ɗan ƙarfen nan mai siffar L, mai milimita 4 ko 5, ta cikin ramin jita ko ta wajen kai. Danne tsirkiya mai kauri a firet na 1 da na 14 lokaci guda, ka dubi tsakiya, wajen na 7. Ya kamata a ga 'yar tazara kamar kaurin takarda biyu ko uku. In ta fi haka, sassauta tsirkiyoyi, ka murɗa zuwa dama rubu'in zagaye, ka sake saiti, ka bar ta ta kwana kafin ka ƙara. In babu tazara sam kuma tana zuza a firet na farko-farko, murɗa hagu. Idan ta cije, kada ka sa ƙarfi. Sandar nan in ta karye jitar ta tafi.

Sai bayan wuya ya daidaita ake taɓa farin ƙashin jaki. Duk milimita 1 da kake so ka rage a firet na 12, milimita 2 za ka goge daga ƙashin. Zare shi, ja layi da fensir, shimfiɗa sanfefa a kan gilashi ko tayil, ka goge gindinsa, ba samansa ba, kana riƙe shi a miƙe. Goge rabin abin da ka auna, mayar, gwada. Abin da aka goge ba ya dawowa, sai dai a sa ɓallin tsohon kati a ƙarƙashinsa.

Ga abin da ke kashe jita a ƙasar Hausa fiye da faɗuwa: hunturu. Katakon jita yana son danshin iska na kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, a tsakiyar hunturu kuwa yakan sauka ƙasa da 20. Katako ya tsuke, bakin firet ya fito yana yankar hannu, fuska ta tsage daga jaki zuwa ƙasa. Maganin ba tsada: jiƙa soso, matse shi har ya daina ɗiga, sa shi a robar sabulu da ka huda wa ramuka, ka ajiye a cikin jakar jitar a rufe. Duba shi duk bayan kwana biyu ko uku. Da damina ka cire. Kada ka bar jita a but ɗin mota ko jikin bangon da rana ke duka, zafi yana narkar da gam. Jita mai araha da aka yi da filawud ta fi mai tsada jure wannan yanayi, wannan ma wani dalili ne na kada ka ji kunyar taka.

Idan fiyano ne na biyun

Nemi mai maɓalli 61, wanda ƙarar sautinsa ke bin ƙarfin dannawa. Ƙananan Yamaha PSR da Casio CTK na hannu sun wadatar. Danna duk maɓallan, fari da baƙi, a hankali sannan da ƙarfi. Maɓallin da ya yi shiru, ko yake tsawa komai sanyin taɓawa, yawanci ƙura ce ta shiga ƙarƙashin robar da ke ciki. Mai gyaran rediyo zai goge ta da auduga da sifirit. Buɗe gidan batir ka duba ko ya zubar ya ci ƙarfe. Ƙure ƙara ka ji ko sifika na karkarwa, gwada ramin abin sawa a kunne.

Adafta ce ke ƙona fiyano. Ƙananan Yamaha bolt 12 suke sha, Casio da yawa 9 ko 9.5, kuma a wasu tsofaffin Casio tsakiyar filogin a juye take da ta Yamaha. Karanta abin da aka rubuta kusa da ramin, ka daidaita lamba da alamar, kada ka yarda da "ai ta shiga". Cire filogi kafin a tada janareta, ka rufe fiyanon da zane idan ka gama.

Wanda za ka haɗa da hannunka: kuntigi

Idan kuɗin bai kai ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, akwai kayan kiɗan da kusan kyauta ne. Kuntigin da marigayi Ɗan Maraya Jos ya zaga duniya da shi gwangwanin kifi ne da fatar akuya da tsirkiya ɗaya. Mdou Moctar na Nijar ma da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko.

Abin da za ka tanada: gwangwanin sadin ko makamancinsa, ɗanyar fatar akuya wadda ba a jeme ba, da ta fi bakin gwangwanin da yatsa uku ta kowane gefe, sanda miƙaƙƙiya mai kaurin ɗan yatsa da tsawon santimita 40, zaren kamun kifi mai kaurin milimita 0.6 zuwa 0.8 ko sili ɗaya na wayar birki, siririn tsinken fata, da guntun kara ko katako na jaki.

Cire murfin gaba ɗaya, ka daddanne bakin da filaya don kada ya yanke fata. Jiƙa fatar ta kwana a ruwa, ka kankare gashi da sauran nama. Jemammiyar fata ba ta yi, domin tana miƙewa ba ta tsukewa, sauti kuma daga tsukewar yake fitowa. Huda ramuka a gefen fatar, tazarar yatsa ɗaya tsakani, kada su matso baki sosai. Shimfiɗa ta a bakin gwangwanin, ka zarga igiya daga rami zuwa na ɗaya ɓangaren ta bayan gwangwanin, kana ja kaɗan-kaɗan kana zagayawa. Wanda ya ja gefe ɗaya har ƙarshe kafin ya koma ɗayan zai samu fata mai tattara.

Tun fatar na da danshi, yi 'yan tsagu biyu a layi ɗaya ta tsawon gwangwanin, ka fiƙe bakin sandar, ka zura ta ta shiga ta fita kamar ɗinki, ta kwanta a kan bakin gwangwanin. Kusa da ƙarshe ka yanke rami kamar girman kwabo inda tsinin sandar zai leƙo. Nan za a ɗaura tsirkiya, nan kuma sauti zai fita. Bar shi ya bushe a inuwa kwana biyu. Rana tsaka tana busar da fata da gaggawa har ta yage daga ramukan.

Ɗaura tsirkiya a tsinin, ka ja ta bisa fatar zuwa saman sandar, ka naɗe ta da jiƙaƙƙen tsinken fata sau biyar ko shida. Wannan naɗin shi ne kunnenka: tura shi sama murya ta tashi, jawo shi ƙasa ta sauka. Cusa jaki a ƙarƙashin tsirkiyar, a kan fata. Idan tsirkiya na taɓa sanda tana zuza, jakin ya yi gajere. Idan sautin ya toshe, ya yi nauyi, a fere shi.

Ga yadda za ka san inda yatsa zai sauka. A ce daga naɗi zuwa jaki santimita 30 ne. Auno daga naɗin ka sa alamar biro a santimita 3.3, da 6, da 10, da 12, da 15. Tare da tsirkiya a sake, ka sami muryoyi biyar, ta 15 kuma ita ce ta farkon ta dawo a sama. A kan irin wannan tsani mai hawa biyar yawancin waƙoƙin Hausa suke tafiya, sai dai kunne ne alƙali, in ya ce ka matsa kaɗan ka matsa. Da safiyar damina fata kan saki, ka ɗan shanya shi ko ka kusantar da shi ga ɗumin garwashi daga nesa, kana taɓawa da yatsa.

Kalangu da gurmi kuwa gara ka je wurin masu haɗa wa makaɗa. Waɗanda ake rataye wa baƙi a shagunan tsaraba don ado aka yi su. A kalangu, matsa tsirkiyoyin a hammata kana bugawa: murya ta hau ta sauka a fili, ta koma inda take idan ka saki. Duba icen ko akwai tsaga ko garin ƙwaro.

Makonni shida na farko

Minti 15 zuwa 20 kullum sun fi awa uku ranar Lahadi, musamman a jita, inda fatar yatsa ke buƙatar mako biyu zuwa huɗu kafin ta yi kanta. Yanke farcen hannun da ke dannawa. Danna dab da bayan firet, ba a kansa ba, ba kuma a tsakiyar fili ba. A nan ne ƙaramin ƙarfi ke isa. Zafin kan yatsa na wucewa, amma ciwo a wuyan hannu alama ce ta riƙo ya karkace ko tazara ta yi yawa, ka tsaya ka gyara. Kada ka yi atisaye da hannun da ya jiƙa, fata mai laushi saurin yagewa take.

Kada ka fara da sabuwar waƙa. Ɗauko uku da ka riga ka iya a kayanka na farko ka nemo su a sabon, domin kunne ya san hanya, hannu kaɗai ke koyo. Mai fiyano da ya koma jita ya fara da kod huɗu, Em, Am, C da G, yana sauyawa tsakanin biyu-biyu na minti ɗaya yana ƙirga sau nawa ya samu. Daga nan ya kama tsanin nan mai hawa biyar a firet na 5: a tsirkiya ta shida, wato mafi kauri, 5 da 8, a ta biyar da ta huɗu da ta uku 5 da 7, a ta biyu da ta ɗaya 5 da 8. Mai jita da ya koma fiyano zai tarar da irin wannan tsanin a baƙaƙen maɓallai kaɗai. Amma ya yi hattara da maɓallin da ke ɗaga ko sauke murya: yana da amfani a taro, sai dai wanda ya dogara da shi zai shekara yana kiɗa a mazauni ɗaya.

Sa manhajar metronom, mai buga lokaci daidai-daidai, a bugu 60 a minti, kada ka ƙara sai ka yi abu sau uku a jere ba kuskure, sannan ka ƙara biyar. Kowace Juma'a ka naɗi kiɗan kayanka na farko a waya, ka kunna, ka bi shi da sabon. Nan za ka ji inda kake gudu da inda kake jan ƙafa, abin da ba ka ji lokacin da hankalinka ke kan yatsu. Tsohon kayan kuma ka ba shi minti biyar a farkon kowane zama da kwana ɗaya cikakke a mako, don kada hannu ya yi sanyi a kansa. Sabon kuwa ka ajiye shi inda hannu zai kai ba sai ka tashi ba, sai dai in hunturu ya shigo, lokacin jita ta koma jakarta tare da soson.